Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Adon Harshe, Amsa-amo da Kari a Waƙa

Yawancin kurakuran da ɗalibai da sababbin marubuta ke yi a nazarin rubutacciyar waƙa tushensu ɗaya ne: ana duban waƙa da ido, alhali don kunne aka tsara ta.

A kamantawa abin ya fi fitowa fili. Ɗalibi ya haddace cewa kalmominta su ne kamar, tamkar, awa da sai ka ce, duk inda ya hango ɗaya sai ya ja layi. Amma "kamar za a yi ruwa" zato ne kawai, "kayan miya kamar tattasai da albasa" kuwa kawo misali ne. Sai an sami abu biyu mabambanta an jera su a kan wata siffa guda sannan a ce an kamanta. Neman "kamar" ɗin nan kuma shi ke sa a tsallake kashi biyu cikin uku na kamantawa, domin bayan ta daidaito akwai ta fifiko, irin su "maganarta ta fi zuma zaƙi", da ta kasawa, irin su "zafin wuta bai kai na rabuwa ba".

Siffantawa da dabbantarwa ma ana yawan cakuɗa su. Idan aka ce "Tanko kura ne", an kira shi da sunan dabbar kai tsaye, wannan siffantawa ce. Idan aka ce "Tanko ya shigo kasuwa yana kaɗa wutsiya", ba a ambaci dabba ba, halinta aka ɗora wa mutum, dabbantarwa ke nan. 'Yan'uwanta a ƙarƙashin jinsintarwa su ne mutuntarwa ("yunwa ta yi sallama a ƙofar gida") da abuntarwa ("tsohon ya yi tsatsa"). Tambaya biyu ke raba gardama: halin wa aka ɗauko, wa aka ɗora wa?

A amsa-amo, wato daidaituwar sauti a ƙarshen layukan waƙa, kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da wasalin ƙarshe kaɗai. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka haɗa "gida" da "kasuwa" don dukansu sun ƙare da "a" ba gwaninta ba ce. Gaɓar ƙarshe ake so ta daidaita, baƙinta da wasalinta: gida, gada, tsada, ko kasuwa, rayuwa, mutuwa. Rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba ya ƙara dagula lamarin, har ka ga an haɗa "gida" da "faɗa", alhali "da" daban, "ɗa" daban. Wasu kuma suna juya sunayen ƙaramin amsa-amo da babba. A waƙa 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, amon da ɗangogi huɗu na farko ke ɗauke da shi, mai sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo. Na ɗango na biyar, wanda ba ya sauyawa har ƙarshen waƙa, shi ne babba. Masu liƙa "ɗan'uwa" a ƙarshen ɗango duk sa'ad da "wa" ta ƙare musu kuwa, su sani mai sauraro yana ganewa.

Kari, wato awon sautin waƙa, shi ne inda ido ya fi yaudarar mutum, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko ta na biyun doguwa ce. Awon da marubutan Hausa suka aro daga Larabci, wanda Halilu bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, ya ƙunshi karuruwa 16 (15 nasa, ɗaya kuma daga baya aka ƙara), kuma nauyin gaɓa yake aunawa, ba yawanta kaɗai ba. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce mai sauƙi. Baƙi da dogon wasali, ko gaɓar da baƙi ya rufe, nannauya ce.

Ɗauki wannan ɗango: "Mutane, ku zauna ku saurari zance." Idan aka yanka shi, ƙafa huɗu yake bayarwa: mutane, ku zauna, ku saura, ri zance. Kowace ƙafa gaɓa mai sauƙi ɗaya ce sai nannauya biyu, wato fa'ulun sau huɗu, karin Mutaƙarabi. Cire "mutane" ka sa "jama'a". Yawan gaɓoɓi bai sauya ba, amma ɗangon ya karye, saboda "ma" ta jama'a gajera ce a gurbin da ake bukatar nannauya. Sa "samari" sai ya miƙe. Maganin wannan shi ne rera kowane ɗango da murya ɗaya wadda aka rera na farko da ita. Duk inda aka ga dole a ja wasali ko a haɗiye shi kafin kalma ta shiga, nan ɓarakar take.

Gangara da saɓi-zarce ma a bambance su: idan zance ya fara a ɗango ya ƙarasa a na gaba cikin baiti ɗaya, gangara ce, idan ya tsallaka wani baitin, saɓi-zarce ne. Kalmar baiti kanta ta rubutacciyar waƙa ce. A waƙar makaɗan baka manazarta ɗa suke cewa, jam'insa ɗiya, abin da 'yan amshi ke maimaitawa kuma shi ne gindin waƙa.