Yadda ake yi wa man shafawa da sabulu rajistar NAFDAC a Legas

'Yar'uwa mai haɗa man shafawa ko sabulun salo a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, kafin ki nufi NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci, magunguna da kayan kwalliya, ki tabbata kina da abu biyu a hannu: rajistar kasuwanci ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni), da shaidar mallakar sunan kayanki daga ofishin rajistar tambarin kasuwanci. A rajistar tambari, kayan kwalliya a rukuni na 3 suke. Daga nan ki buɗe asusu a NAPAMS, shafin intanet na rajistar kaya na NAFDAC, ki cike, ki biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati. Kowane kaya da rajistarsa, lambar rajistar sabulu ba ta rufe man gashi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne haɗin kansa. Da yawa sukan sayo farin mai a bokiti daga kasuwa, ba suna ba takarda, su zuba man kaɗanya da kurkum da turare su ce haɗin gargajiya ne. Irin wannan man sau da yawa akwai sinadarin bilicin a ciki, kuma ɗakin gwaji zai gano shi. Dokar NAFDAC ta 2019 ta haramta makuri (zaiba) da magungunan sitiroyid irin su clobetasol a kayan shafa, sinadarin bilicin na hydroquinone kuma kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Sitiroyid yana sirantar da fata har ta riƙa nankarwa, makuri kuwa ƙoda yake ci. Duk sinadarin da za ki saya, ki karɓi takardar gwajinsa daga mai sayarwa. Wanda ya ce ba shi da ita, ki bar masa kayansa komai arha. Man da aka haɗa da ruwa kuma dole a sa masa sinadarin hana lalacewa, in ba haka ba zafin Legas da danshinta za su sa ya yi fumfuna.

Kada ki buga lakabi da yawa kafin hukuma ta amince da shi, kwafi kaɗan ya isa, don gyara ɗaya sai ya jawo asarar dubbai. A jikinsa a ga sunan kaya, nauyi, jerin sinadarai daga mafi yawa zuwa ƙasa, lambar zubi, ranar haɗawa da ta ƙarewa, da cikakken adireshinki. Ki guji rubuta "yana warkar da ƙyasbi" ko "maganin ƙuraje", wannan ikirarin magani ne, ba na kayan kwalliya ba.

Jami'ai za su zo duba wurin aiki, kuma ɗakin girki ba ya wucewa. A ware wurin haɗi daban da na ajiya, ga ruwa mai tsabta, ga shaidar feshin ƙwari da ta lafiyar ma'aikata. In hayar wuri ta fi ƙarfinki, ki ƙulla yarjejeniya da masana'antar da hukuma ta riga ta amince da ita ta haɗa miki.

Sai a ɗauki samfur, a gwada, lamba ta fito. Shekara 5 take yi. Talla kuma izininta daban ne.