Cire faifan baya ta ƙaramar kafa: wa ya dace da aikin, kuma yaya ake yin sa

Tsakanin kusan kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai faifan guringuntsi. Aikinsa irin na gammo ne, ya tare nauyi kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gefensa zobe ne mai tauri, tsakiyarsa kuma da laushi. In zoben ya tsage, abin da ke ciki ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, sai ciwo ya taso daga kwankwaso ya bi ɗuwawu da bayan cinya har ƙasan gwiwa. Kusan tara cikin goma na irin wannan tsagewa suna faruwa ne a gaɓoɓi biyu na can ƙasa, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takardar hoto.

Tun 1934 Mixter da Barr suka nuna a Amurka cewa cire guntun da ya ɓullo yana warkar da ciwon ƙafar. A 1977 Yasargil da Caspar, kowa a nasa wuri, suka shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, yanka ya ragu. A 1997 Foley da Smith suka kawo dabarar bututu, wadda ke ratsa tsoka ba tare da an ɓamɓare ta daga ƙashi ba. Abin da ake yi a ciki dai bai sake ba: a ɗauke wa jijiya abin da ya danne ta. Hanyar shiga ce kawai ta ƙanƙance.

Wa ake yi wa

Nan ne aikin ke yin kyau ko ya ɓaci, tun ba a taɓa wuƙa ba. Aikin na ciwon ƙafa ne. Wanda bayansa kaɗai ke ciwo, ƙafa lafiya lau, da wuya ya ji daɗinsa ko da hoto ya nuna faifai ya kumbura, domin mutane da yawa suna yawo da kumburarren faifai ba su ma sani ba.

Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki, don jiki da kansa yakan tsotse guntun. Saboda haka ana jira sati 6 aƙalla. Abu biyu ne ba a jira a kansu. Na farko, ƙafa ta fara mutuwa: takalmi na suɓucewa, mutum na jan tafin ƙafa, ko ya kasa tsayawa kan yatsunsa. Na biyu ya fi haɗari: fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba a sani ba, matsematsi da wajen dubura su mutu har mutum bai jin ruwa in yana tsarki. Wannan ana son a buɗe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya ga haka, ko a Mirriya yake ko Matamaye ko Tanut, ya nufi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder a ranar, ba sai an gama shawara da dangi ba.

Likita zai gwada abin da maras lafiya ya faɗa da abin da hoto ya nuna. Jijiyar L5 ita ke ɗaga babban yatsa, ciwonta na bin bayan tafin ƙafa. Jijiyar S1 ita ke ɗaga dunduniya, ciwonta na bin gefen ƙaramin yatsa. A kwantar da mutum rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe. In ciwon ya harba tsakanin digiri 30 da 70, jijiya ce a danne. In ciwo na hagu, hoto kuma ya nuna dama, ba a yin aiki.

A wajenmu dole a tambayi zazzaɓi, rama, gumin dare, da ciwon da ke hana barci ko an kwanta. Tarin fuka na ƙashin baya yana nan, haka cutar da makiyaya ke ɗauka daga ɗanyar madara, kuma duka biyun sukan zo da kamar ciwon faifai. Waɗannan magani suke so tukuna.

Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna faifai ko jijiya. IRM ake so, wato hoton maganaɗisu da ke nuna faifai da jijiya. In bai samu ba, sikana, wato hoton radiyo da kwamfuta ke haɗawa yanki-yanki, kan taimaka. Ko a ina aka yi shi, Yamai ko Maraɗi ko Kano, a zo da hotunan kansu, ba takardar bayani kaɗai ba. Hoton da ya wuce wata shida a sake shi, domin guntun kan ƙaura ko ya narke. Kafin ranar aiki a auna jini, sukari da hawan jini, a san ko akwai sikila, a gaya wa likita duk maganin tsinka jini da ake sha. Kada a yi ƙaho, tsaga ko sakiya a baya: fatar da ke da gyambo ba a yanka ta, sai a ɗaga aikin.

Kayan aiki

Bututun ƙarfe shi ne ƙofar. Faɗinsa yawanci milimita 16 ko 18, tsawonsa santimita 4 zuwa 9 gwargwadon ƙibar mutum. Yana zuwa da jerin mabuɗai, kowane ya fi na gabansa kauri, da hannu mai gaɓoɓi da ake ɗaure wa gadon aiki don ya riƙe shi. Bututun da ya yi tsawo yana hana hannu juyawa, wanda ya gajarta kuma tsoka takan kutso ta ƙasansa ta rufe ido. Sai madubin tiyata mai fitila, da na'urar radiyo mai siffar C da ake turowa kan gado.

Duk abin da zai shiga bututu dogo ne siriri, mai lanƙwasa a wuya don hannun likita kada ya tare masa gani. Akwai awartakin Kerrison na milimita 1, 2 da 3 mai gutsurar ƙashi, awartakin cire faifai, miƙaƙƙe da mai ɗagaggen baki, ƙugiya mai dakusasshen kai ta laluben jijiya, ɗan cokalin Penfield na raba tantani, makarin jijiya, mazuƙin jini siriri, hantsakin lantarki mai baki biyu na tsayar da jini, da injin goge ƙashi mai kai na milimita 3. Kerrison da ya dakushe ba ya yanka, fizga yake yi, kuma fizgar ce ke yaga rigar jijiya, wato tantanin da ya lulluɓe ta. A duba bakinsa kafin kowane aiki. Kayan masu rami a ciki a wanke su da buroshi tun jini bai bushe ba, sannan a dafa a tukunyar tururi, digiri 134 minti 18. Lokacin hunturu a rufe madubin da rigarsa, ƙura na ɓata gilashi. Kuma ba a fara aiki sai an tabbatar injin wuta na tsaye da mai, don in madubi ya mutu cikin bututu, likita ba ya ganin komai.

Yadda ake yi

Ana sa barci gaba ɗaya, wani lokaci allurar baya ta isa. A ba da sefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 2 cikin awa ɗaya kafin yanka. A kifa maras lafiya rub da ciki, matasai ƙarƙashin ƙirji da ƙugu, ciki na rataye bai taɓa komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in ciki ya matsu, jini na komawa cikin ƙananan jijiyoyin jini da ke kewaye da jijiyar, wurin ya yi ta tsattsafowa har a kasa gani. A kare idanu da gwiwar hannu daga dannewa.

A soka allura, a ɗauki hoto daga gefe, a ƙirga gaɓoɓi daga ƙashin ƙugu zuwa sama. A yanka fata kimanin santimita 2, nesa da tsakiyar baya da santimita 1 zuwa 1,5, ta gefen da ke ciwo. A tura mabuɗi na farko har ya dira kan ƙashi, a ji ƙashin da hannu kafin a ƙara matsawa, domin ɗan ƙasa kaɗan akwai kafar da ke kaiwa kai tsaye ga jijiya. A bi da sauran mabuɗan ana murzawa, a zura bututu, a ɗaure, a sake hoto. Hoton nan na biyu shi ke hana buɗe gaɓar da ba ita ba, kuskuren da ya fi yawa ga mai ƙiba da wanda aka haifa da ƙasusuwan ƙasan baya shida ko huɗu maimakon biyar.

A share ɗan naman da ya rage, a goge gefen ƙasa na rufin ƙashi milimita kaɗan. Kada a ci gaɓar gefe fiye da rabi, in ba haka ba bayan zai riƙa rawa daga baya. A L5-S1 kafar na da faɗi, sau da yawa ba a taɓa ƙashi sosai. Ƙarƙashin ƙashin akwai tantani mai kauri ruwan ɗorawa. A raba shi, a gutsure daga tsakiya zuwa gefe. Sai an ga gefen jijiyar na waje da ido sannan a kawar da ita wajen tsakiya, a hankali, ana sassautawa lokaci-lokaci. Jijiyar da guntu ya baje takan yi fari ta yi kama da faifai, kuma nan ne ake yanke ta bisa kuskure.

Guntun kan fito ɗaya, wani lokaci gutsi-gutsi. A lalube da ƙugiya sama da ƙasa da hammatar jijiya. In za a shiga cikin faifan, abin da ya saki kaɗai ake ɗauka, kuma awartaki kada ya nutse fiye da santimita 3, domin gaban faifan manyan jijiyoyin jinin ciki ne. A ɗauraye, a tsayar da jini, a zare bututu sannu ana duba hanya, a ɗinke. Aikin yakan ci awa ɗaya ko ɗan fiye.

Akwai hanyar da ta fi wannan ƙanƙanta, ta andoskop: bututu na milimita 7 zuwa 8, kamara a baki, ruwan gishiri na gudana ba tsayawa. Ana shiga ta baya, ko ta gefe ta kusurwar da ake kira da sunan Kambin. Tana da kyau, amma tana da wuyar koyo, kayanta na saurin lalacewa, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sakamakonta da na madubi kusan ɗaya ne. Gara hanyar da likitan ya saba da ita da wadda ta fi ƙaramin tabo.

Abin da kan ɓaci

Tsoron shanyewa shi ya fi hana mutane zuwa, alhali laka na ƙarewa wajen L1-L2, can sama da inda ake aiki. Haɗarin gaske su ne yagewar rigar jijiya, wadda ke sa ruwan laka ya zubo ya kawo ciwon kai in an tashi zaune, sai a toshe a kwantar da mutum kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayar cuta cikin faifai, mai zuwa da ciwon baya mai tsanani bayan sati ɗaya zuwa huɗu. Da sake ɓullowar faifan, ga kamar mutum 5 zuwa 15 cikin 100, domin tsagar zoben ba ta rufewa da wuri. Taba sigari, sukari da ƙiba na ƙara wannan. Ciwon ƙafa kan tafi da wuri, amma mutuwar fata da raunin ƙafa sukan ɗauki watanni, kuma jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo duka ba.

Bayan an koma gida

Ana tashi a taka a ranar ko washegari, sallama kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tafiya a ƙasa ita ce babban magani, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Sati 4 zuwa 6 na farko kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, don haka tun kafin aiki a san wanda zai ɗebo ruwa. Haka daka, shara da guntuwar tsintsiya, da goyo. A yi salla a kan kujera har likita ya ba da izinin ruku'u da sujada. A samu kujera mai rami don ban-ɗaki, a sha ruwa sosai kada a yi yunƙuri. Kabu-kabu a bar shi wata ɗaya aƙalla. Wanda aka yi wa aiki a Yamai, hanyar zuwa Zinder ta kai kusan kilomita 900, ya kwantar da kujera, ya riƙa sauka yana takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu.

Kada ruwa ya taɓa ciwon har a cire zare, kwana 10 zuwa 14, kuma ba a shafa masa komai. Zazzaɓi, ruwa fari na fita daga ɗinki, ciwon ƙafa ya dawo da ƙarfi, ko fitsari ya gagara: ko ɗaya daga ciki aka gani, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.