Mayar da Tsohon Littafi Abin Ado: Inda Masu Yanka Ke Kuskure da Yadda Ake Gyarawa

A watan Maris na 2011, ma'aikatan ɗakin karatun waƙoƙi na birnin Edinbura, a Sukotland, suka tarar da wata 'yar bishiya a kan tebur. Daga tushe har ganye da takardun tsohon littafi aka yi ta, kuma babu sunan kowa a jiki. Kafin shekarar ta ƙare an tsinci irin wannan aiki har guda goma a ɗakunan karatu, gidajen tarihi da sauran wuraren al'adu na birnin, matar da ta yi su kuwa ta ƙi bayyana sunanta. Hotunan aikinta, da na irin su Su Blackwell 'yar Ingila da Brian Dettmer ɗan Amurka, masu sassaƙa littattafai, su ke sa mutum ya jawo tsohon littafi daga lungu ya ɗauki reza. Sai gwajin farko ya fito a yage, gefuna duk gashi-gashi, shafuka sun yamutse da gam, mutum ya ce ai shi ba shi da hannu. Sau da yawa hannun lafiyarsa ƙalau. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa tun kafin reza ta taɓa shafi, saboda mai aikin bai tsaya ya san takardar da ke gabansa ba.

Littafin da bai kamata a yanka ba

Na sa wannan a gaba domin shi kaɗai ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Tsufan littafi daban, ƙarewar amfaninsa daban. Akwai wanda kofe kaɗan aka buga, kamfanin da ya buga ya daɗe da rufewa, ƙila na hannunka yana cikin tsirarun da suka rage a duniya. Littattafan harsunan da ba su da yawan rubutu, tarihin wani ƙaramin gari, duk abin da aka rubuta da hannu, littafin da wani magabaci ya cika gefensa da sharhi, waɗannan ba kayan yanka ba ne. Haka littattafai masu tsarki, ko na wane addini ne. Ma'abotansu suna da hanyar da suke bi da su in sun tsufa, kuma reza ba ta ciki. In kana shakka, ka nemi sunan littafin da shekarar bugunsa a WorldCat, rumbun intanet da ke nuna ɗakunan karatun da suka ajiye kofe. In ka ga ba shi da yawa, ka kai shi inda za a karanta.

Abin yanka ba zai yi maka wuyar samu ba: kundin sani da bayanansa suka tsufa, littafin koyon wata kwamfuta da aka daina ƙerawa, ƙamus da rabinsa ya ɓace, littafin labari da aka buga dubban ɗaruruwa.

Sai kuma wanda ya halatta a yanka amma ba zai yanku ba. Mutane suna son shafin da ya yi ja-ja saboda kyan launi, alhali wannan launin alamar ciwo ce. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da tsummokaran auduga da lilin ake yin takardar bugu a Turai. Daga baya aka koma niƙa itace, takardar da ta fito daga nan kuwa tana ɗauke da sinadarin liginin, wanda ke sa ta canja launi, da kuma asid, wanda ke cin zarenta a hankali har ta koma tana karyewa. Shi ya sa za ka ga littafin 1750 ya fi na 1950 ƙwari nesa ba kusa ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka ninke kusurwar wani shafi gaba, ka mayar da ita baya, ka maimaita sau biyu. In ta ɓalle, wannan takardar ba za ta ɗauki yanka mai siriri ba. Sai dai a manna ta a kan kwali ta zama shimfiɗa. Wasu littattafan da aka buga daga 1984 zuwa yau suna da wata alama mai kama da 8 a kwance a shafin bayanin bugu, tana nuna takardar ba ta da asid. In ka ga ta, ka samu kaya.

Abu biyu kuma sun shafi lafiyarka kai tsaye. Littattafan Turai da Amurka na ƙarni na 19 masu bangon yadi kore shar, wasunsu da launi mai gubar asanik aka rina su. Gidan tarihi na Winterthur a jihar Delaware ta Amurka ya fara bin diddiginsu a 2019. Irin wannan bango ba a kankare shi, ba a yanka shi, a sa shi a leda a wanke hannu. Na biyu fumfuna. Littafin da ke warin rima, ko mai ɗigo-ɗigo masu gari a jiki, a rabu da shi, don yanka zai watsa ƙurar cikin iska ya kai ta huhu, ya kuma shafa wa sauran littattafai. Ƙwari kam suna da magani: a ɗaure littafin cikin leda, a bar shi mako guda a firiza, in an fito da shi kada a kwance ledar sai ya kwana, domin raɓar ta sauka a kan leda maimakon takarda.

Kwanciyar zaren takarda

Nan ne masu koyo suka fi shan wahala ba tare da sun san dalili ba. Takardar inji da ƙananan zaruruwa aka yi ta, kuma lokacin da take gudu a kan injin, yawancinsu suna kwantawa fuska ɗaya. Kamar itacen faskare ne, ta tsawo yake tsagewa cikin sauƙi, a gicciye kuwa sai an yi da gaske. Ka ciro shafi ɗaya da ba ka bukata, ka yage shi daga sama zuwa ƙasa, sannan ka yage daga gefe zuwa gefe. Yagar da ta tafi sambal ita ce ta bi zaren, wadda ta yi ta karkacewa ta gitta shi. A littafin da aka buga da kyau zaren yana bin tsawon bayan littafin, wajen ɗinki, amma masu arha ba kullum suke bin wannan ƙa'ida ba, don haka a gwada kowanne.

Sanin wannan yana warware abubuwa da dama. Duk siririn abin da kake so ya tsaya da ƙafarsa, ko kututturen bishiya ne ko ƙafar tsuntsu, ka yanko shi yadda tsawonsa zai bi zaren, in ba haka ba zai langaɓe. Ninki ma in ya bi zaren yana fita tsaf, in ya gitta sai ya tsattsage, musamman a takarda mai kauri. Kafin ka yi irin wannan ninkin ka fara jan layi da bayan wuƙa ko biro da tawadarsa ta ƙare. In za ka naɗe takarda a jikin tsinke don yin reshe, ka kwantar da tsinken daidai da zaren, za ta naɗu ba gardama. Kuma takarda in ta sha ruwa ta gefe take buɗewa, ba ta tsawon zaren ba. Saboda haka in ka manna guda biyu, ɗaya zarenta a tsaye ɗaya a kwance, suna bushewa za su ja juna su murɗe, kuma ba nauyin da za ka ɗora da zai daidaita su.

Reza

Dakusasshiyar reza ce ke kawo gashin gefe. Takarda tana cin kaifi da sauri fiye da yadda ake zato, balle mai sheƙi ta littattafan hotuna, wadda aka shafe fuskarta da farar ƙasa. Wuƙar sana'a mai tsini, wadda ake sa wa reza mai lamba 11, ita aka fi amfani da ita. Da zarar ka ji sai ka danna kafin ta shiga, ko ka ji tana jan takarda, canja ta. Rowar reza tana jawo asarar aikin yini, kuma mai dannawa da ƙarfi shi ne wanda wuƙa ke kuɓuce wa ta sami yatsa. Tsoffin rezoji a tara su a gwangwani mai murfi.

Ja biyu ko uku marasa nauyi sun fi ja ɗaya mai ƙarfi. A wurin lanƙwasa, takardar ake juyawa, hannu yana nan inda yake. Rula ta ƙarfe za ka nema, don ta roba reza tana fere ta har ta hau kanta. A ƙarƙashi kuma a sa shimfiɗar roba da aka yi don yanka. Katako yana da tsagi da ke karkatar da tsini, gilashi kuwa nan take yake kashe kaifi.

Tsarin yankan ma yana da muhimmanci. Mai koyo yakan fara da zagayen waje saboda ɗokin ganin siffa ta fito, sai ya rasa abin riƙewa lokacin da ya zo kan ƙananan ramuka. A fara da ƙanana, daga tsakiya zuwa waje, zagayen ya zo ƙarshe. Kafin nan a yi wa duk inda za a cire inuwa da fensir, sannan a duba ko akwai abin da zai faɗo. Cikin harafin o ko d, ƙwayar ido, tagar gida, kowanne yana bukatar 'yar gada da za ta riƙe shi da sauran takardar. In ka yi zanen a bayan shafi don kada fensir ya fito, ka tuna komai zai juya, rubutu sai an zana shi a birkice. Gadar da ta tsinke bisa kuskure ba ta kashe aiki: ka yanko siririn ƙyalle daga wani shafi, ka ɗiga masa gam da tsinke, ka liƙa ta baya.

In cikin littafin za ka sassaƙa

Masu haƙa rami a cikin littafi, hawa-hawa, su ma suna da nasu tuntuɓen. Na farko lissafi: littafi mai shafi 300 takarda 150 ce kawai, zurfin bai kai yadda lambar ke nunawa ba. Na biyu, shafuka suna zamewa. Dettmer yakan rufe gefunan littafin su zama dunƙule guda kafin ya fara, sannan ya yi ta cirewa hawa bayan hawa da wuƙar tiyata da hantsaki, ba ya ƙara komai, ba ya matsar da komai daga inda aka buga shi. Kai ma ka sirka farin gam da ruwa kaɗan, ka shafe gefuna uku da buroshi, ka sa leda tsakanin bango da shafuka don kada su haɗe, ka danne da nauyi ya kwana. Wajen haƙa, takarda uku zuwa biyar a lokaci guda sun isa, wuƙa a tsaye cak. In ta ɗan kwanta, bangon ramin zai yi ta tsukewa har ka iso ƙasa ka tarar siffar ta ƙanƙance. Ka bar kamar santimita 2 daga kowane gefe, wajen ɗinki ma fiye da haka.

Ka duba yadda aka haɗa littafin. Wanda aka ɗinka da zare, takardunsa biyu-biyu suke, in ka fizge ɗaya abokiyarta da ke can gaba za ta saki. Yanke ta za ka yi, ka bar ɗan ragowa a gindi. Wanda aka haɗa da gam kawai, in ya tsufa ka buɗe shi da ƙarfi, bayansa zai tsage biyu.

Gam, zane da ajiya

Gam yawansa ne matsala. Ruwan da ke cikinsa shi ke kumbura takarda, don haka ɗigon da tsinke ya ɗauko ya isa ganye ko fiffike. Farin gam na PVA marar asid ya wadatar. Masu gyaran littattafai kuma suna dafa sitacin alkama, saboda ana iya jiƙa shi a ɓamɓare daga baya. Salatif kada ya kusanci aikin. Bayan 'yan shekaru robar za ta faɗi, ta bar tabo mai ruwan ƙasa da ya ratsa takarda. Gam na bindiga, wato wanda ake narkawa da zafi, yana barin ƙulli da zare-zare, ya kuma fi ƙarfin takarda mai laushi.

Akwai kuskuren da ba na kayan aiki ba, kuma a ganina shi ke raba aikin da ke tsayar da mai kallo da wanda ake wucewa. Shafin littafi ba farar takarda ba ne, layukan rubutu sun riga sun cika shi. In ka zuba masa ƙananan yanka barkatai, siffar za ta nutse cikin baƙaƙe, garin neman gira a rasa ido. Siffa mai sauƙi, da takarda baƙa ko mai launi ɗaya a bayanta, ko ɗan tazara da zai jefa inuwa, ta fi fitowa. Sannan ka karanta shafin kafin ka yanka. Kalmomin da suka tsira za a karanta su, mai kallo zai matso ya duba abin da ke rubuce a fiffiken tsuntsun nan. In littafin na tsirrai ne, bari tsiro ya fito daga cikinsa. In na taswira ne, bari hanyoyi da koguna su ja maka layin yanka. Littafin da aka yanka ba tare da an kula da abin da yake faɗa ba, da an yi aikin da kowace takarda ma da sakamakon ɗaya ne.

In an gama, rana ce abokiyar gaba ta farko. Takardar itace in tana fuskantar taga, cikin 'yan watanni za ta yi duhu ta bushe. A rataye aikin a bangon da hasken rana ba ya dukansa kai tsaye, nesa da wurin girki da wurin wanka, domin danshin iska in ya daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari fumfuna na iya tsirowa. Firam ya zama mai zurfi, da ɗan kwali a gefe da zai hana takarda taɓa gilashi, in ba haka ba raɓa za ta manna su. Wanda ba zai shiga firam ba a kifa masa akwatin gilashi, in ƙura ta hau a share da buroshi mai laushi, daga gindin siffa zuwa tsininta.