Yadda Za Ka Yi Idan Kyanwarka Ta Daina Cin Abinci

Kuskuren da ya fi kashe kyanwa a wannan hali shi ne mutum ya ce a bar ta, in yunwa ta ci ta za ta ci. Da kare ana iya yin hakan. Ita kyanwa idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ci, jikinta yakan soma tura kitse zuwa hanta, hantar ta kasa sarrafa shi, kitsen ya cika ta. Daga nan sai tashin zuciya, ta ƙara ƙin abincin, sai ka ga farin idonta da cikin kunnenta sun koma rawaya irin na shawara. Mai ƙiba ta fi saurin faɗawa wannan. Don haka ka riƙe lokaci: babba in ta cika awa 24 ba ta ci komai ba, sai likitan dabbobi. Ƙarama da ba ta kai wata 6 ba, kada ta wuce awa 12.

Da farko ka tabbatar ba a gidan maƙwabta take ƙoshi ba. Ka kulle ta a ɗaki da ruwa da abincin da ka auna, ka gani da idonka.

Sannan ka duba jikinta. Ɗaga leɓenta ka ga dasashi: ja-ja mai laima shi ne lafiya. Fari fat ko rawaya, kada ka jira gobe. Ka ja fatar dokin wuyanta ka saki, in ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya ƙare. Ka leƙa baki ko akwai ƙayar kifi, rubabben haƙori ko gyambo. Mai ciwon baki takan zo wurin kwano da gudu, ta shinshina, ta ja da baya. In ka ga zare ƙarƙashin harshe ko yana leƙowa ta dubura, kada ka ja, yana iya yanka hanji. Zafin jikin mai lafiya 38 ne zuwa 39.2 a ma'aunin Salsiyos. Amma in tana dalalar da miyau, halinta ya sauya, kuma ba a yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba, kada ka sa hannu a bakinta.

Da hanci kyanwa take cin abinci. In mura ta toshe shi, ko kifi ka ajiye ba za ta kula ba. Ka goge majinar da auduga da ruwan ɗumi, ka zaunar da ita kamar minti 10 a banɗaki mai tururin ruwan zafi. Ka dafa tsokar kaza ba gishiri ba magi, ka yayyaga, ka zuba ɗan romonta, ka ba ta da ɗumi, cokali ɗaya duk bayan awa 2 ko 3. Kifin gwangwani ma yana jan ta saboda ƙarninsa, sai dai a tsiyaye man. Kwano mai faɗi ya fi, a wuri shiru nesa da inda take kashi. Ɗura ba ta da amfani: tana iya shaƙewa, kuma ta tsani abincin gaba ɗaya.

Kada a ba ta farasitamol, ko ɓarin ƙwaya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashewa. Miyar gida ma a'a, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madarar shanu kuwa gudawa take sa yawancinsu.

Akwai lokacin da ba a tsayawa gwajin kaza: amai a kai a kai, numfashi da baki buɗe, zargin ta ci gubar ɓera ko ɓeran da ya ci ta, ko muzuru yana ta tsugunno fitsari ba ya fita. Wannan na ƙarshe cikin kwana 1 zuwa 2 yake kisa. Ka faɗa wa likita ranar da ta ci na ƙarshe, in kuma guba ce ka tafi da ledarta.

In lafiyarta ƙalau, galibi sauyin gida ne ko sabon abinci. In abinci ne, ka koma tsohon, ka riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan cikin mako guda.