Yadda za ka ɗauki hoto irin na Seydou Keïta da wayarka a tsakar gida

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adakar kakarsa ya ci karo da hoton nan fari da baƙi, an ci kwalliya an hakimce a kujera ba murmushi ba komai amma kwarjini kamar me, to ya san abin da nake nufi. Ogan wannan salon shi ne Seydou Keïta, mutumin Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948 a unguwar Bamako-Coura. Asalinsa fa kafinta ne, sana'ar babansa kenan, kawunsa ne ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak tsaraba daga Senegal a 1935, daga nan abin ya shiga ransa. Yawancin hotunan nasa da yanzu ake ratayewa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, don haka kai ma da wayar hannunka ba ka da uzuri.

Fara da haske, don nan ne kowa yake faɗuwa. Ka kashe filasha gaba ɗaya. Nemi inuwar katanga ko bakin rumfa inda rana ba ta dukan fuska kai tsaye amma wajen da haske sosai, da hantsi ko bayan la'asar. Ni ranar da na fara gwadawa da ƙanwata tsakar rana na tsayar da ita, wallahi idanun nan suka fito kamar ramuka biyu, ga goshi yana ƙyalli, har yau ba ta daina min gori ba. Kar kuma ka zaunar da mutum ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ganyen zai yi masa dabbare-dabbare a fuska. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, ba yaro farin zani ko farin kwali ya riƙe daga wannan ɓangaren, zai mayar da hasken.

Sai bango. Keïta da zanen gadonsa ya fara, shi ya rataya a bayan mutane, daga baya yake canza ƙyallen bayan 'yan shekaru har ya zama da ƙyallen yake gane shekarar da ya ɗauki hoto. Kai ma ɗauko zanen gado mai zane ko turmin atamfa da ba a yanka ba, a goge shi tukuna don Allah, a ɗaure a igiyar shanya a ja shi ya miƙe, a shimfiɗa darduma ko tabarma a ƙasa yadda siminti ba zai fito ba. Nan ne mutane suke jin tsoro, wai atamfa a jiki atamfa a bango ai hayaniya za ta yi yawa. To ai sirrin kenan, Keïta haka yake yi, zane kan zane, sai fuska da hannaye su zama su kaɗai ne wajen da ido zai huta. Abin lura ɗaya ne, in zanen bangon manya ne to na jiki ya zama ƙanana, ko akasin haka.

Wajen zaɓen kaya ka manta da kala, tunda fari da baƙi za a yi. Ja da kore da kake gani sun bambanta a ido, da an cire kala sai su koma toka-toka kusan iri ɗaya, kwalliyar ta mutu. Dabara mai sauƙi: sa kyamarar wayar a fari da baƙi tun kafin a saka kayan, ka haska atamfofin a kan gado ka ga wacce ta fi fitowa. Mai fari da baƙi ko shuɗi mai duhu da fari ba ta ba da kunya. Namiji kuma babbar riga mai aiki wadda ta sha bugu, ko kwat da nektayi in yana son irin na ma'aikatan wancan zamanin. Shi Keïta har kwat yake ajiyewa a shago yana ara wa wanda ba shi da ita.

Mace ta ɗaura ɗankwali ya tashi sosai, kwalli ya ji, hoda kaɗan, awarwaro da zobe a fito da su. Wannan kwalliyar zamanin mai sa fuska ta zama kamar an yi mata filasta ba ta shiga nan. In kitso ne ake ji da shi, to a yi ɗaya daga baya, irin yadda mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya riƙa yi a Najeriya tun daga 1968, ya ɗauki kitso da gyaran gashi kusan dubu kuma da yawa ƙeya kawai ake gani.

Yanzu abin riƙewa. A shagon Keïta akwai rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, furen roba, keke, Vespa har da motarsa, mutum ya zaɓi wanda yake so a gan shi da shi. Ɗauki ɗaya tak. Tsohuwar rediyon Baba, keken ɗinki, butar shayi, keken hawa, duk sun yi. Wayar zamani da robar ruwa da silifas ɗin wanka a kwashe su daga wajen, ka duba kusurwa huɗu na hoton kafin ka danna.

Zaman shi ne inda zan daɗe, don shi ne hoton. Kar mutum ya fuskance ka gaba da gaba kamar hoton fasfo, ya ɗan karkata kafaɗa, fuska ta juyo wajenka, haɓa ta ɗan ɗaga kaɗan, baya a miƙe. Hannaye dole a gan su, ɗaya a kan cinya ɗaya a kan rediyon ko a tallafe haɓa, yatsu a sake ba a dunƙule ba. Babbar riga ko zani a baza shi ya cika hoton, kai da kanka za ka durƙusa ka gyara ninkin. Akwai kuma zaman da aka san Keïta da shi, mace ta kishingiɗa a kan gado ta dogara da gwiwar hannu, wannan in Hajiya ta yarda ta yi maka shi ka gama samun hoton shekara. Kar ka ce a yi murmushi. Ka yi ta hira da mutum har kafaɗunsa su sauka ya daina ƙifta ido, sannan ka ce ya kalli kyamara kamar yana kallon wanda yake bi bashi. Keïta sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum saboda fim da tsada, shi ya sa duk aikin yake ƙarewa kafin dannawar, mu kuwa sai mu ɗauki hamsin a tsaye babu na kirki ko ɗaya. In kai mai son motsi da rawa ne to Malick Sidibé za ka nema, shi ma mai ɗaukar hoto ne da ya yi aiki a Bamako, shi ne mai bin samari wajen casu da dare, wancan wani darasin ne daban.

Wajen dannawa, goge gilashin kyamarar da gefen riga, ja da baya kamar taku huɗu ko biyar ka sa zum a 2, don in ka matso kusa hanci zai ƙara girma. Riƙe wayar daidai ƙirjin wanda ke zaune, ba daga sama ba. Kashe filtar gyaran fuska, kashe wannan mai dusashe bango, ana son zanen ƙyallen ya fito tar. Taɓa fuskar a sikirin don wayar ta auna haske da fatar mutum, in ba haka ba baƙar fata sai ta nutse. Bayan ka ɗauka ɗan ƙara bambancin fari da baƙin kaɗan, kar ka cika hannu har aikin rigar ya ɓace.

Daga nan kai shi a wanke maka a takarda, inci 5 da 7 ya isa, kusan girman da Keïta ma yake yi kenan, a bar farin baki a gefe. Ka juya bayansa ka rubuta sunan mai hoton da naka da shekara. A 1991 an baje hotunan Keïta a birnin New York da rubutun cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya tashi takanas ya je Bamako yana nuna wa mutane hotunan, Malick Sidibé ne ya kalla ya gane aikin ya kwatanta masa gidan.