Yadda za ka adana ƙananan batura a jakar kyamara

Masu ɗaukar hoto da bidiyo don Allah a daina watsa batir haka kawai cikin jaka tare da makulli da kwabbai, ƙarfe na taɓa bakinsa biyu sai ya ɗau zafi, na lithium ma har wuta yake kamawa. Ka manna salatif a bakin ko ka bar shi cikin kwalinsa. Waɗanda suka mutu ka ware su daban.

Kar ka bar jakar cikin mota a rana. Filasha kuma, wato fitilar kyamara, in za ta daɗe ba aiki cire mata baturan AA ɗin, yoyo suke yi su cinye ƙarfen ciki. Ɗan mitsitsin batirin nan CR2032 mai kamar kwabo shi ya fi tsoratar da ni, yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awa 2, asibiti kai tsaye. A jirgin sama kuma batiran lithium na ajiya jakar hannu suke shiga.