Kafin ka biya kuɗin lensi na hannu, ɗora shi a kan kyamararka

Shekara biyu na yi ina ɗaukar hoton biki da ɗan lensin da ya zo tare da kyamarata, wato 18-55mm. Da rana a wajen ɗaurin aure ba shi da laifi. Amma da an shiga ɗakin amarya wajen kamu, sai hoto ya fito dishi-dishi. Sabon lensi kuwa ba ya taɓuwa, domin farashinsa dala yake bi. Dole ta sa na koma na hannu.

In kana neman na farko, nemi 50mm f/1.8. Lambar nan ta bayan f ita ke nuna faɗin ƙofar haske, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Wancan 18-55mm ɗin in ka zuƙo shi ƙarshe, a f/5.6 yake tsayawa, shi kuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma. Shi ne kuma ke narkar da bayan hoto, fuskar amarya ta fito tas. Sai dai a ƙananan kyamarori, wato masu ƙaramin sensa (farantin da ke kama hoto a ciki), 50mm yana aiki ne kamar 75mm a Nikon ko 80mm a Canon, za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango. Mai yawan aiki a cikin ɗaki, 35mm ya fi masa.

Ni a wajen dacewa na ƙone. Wani mai shago ya miƙo mini 50mm na Nikon, tsaf kamar sabo, na biya ban gwada ba saboda ban fito da kyamara ba. Na je gida na ɗaura a kan kyamarata Nikon D3200, ya zauna daram, amma ya ƙi saita kansa. Ashe AF-D ne, injin da ke juya shi a jikin kyamara yake, su kuma jerin D3000 da D5000 ba su da wannan injin. AF-S, mai nasa injin a jikinsa, ya kamata in nema. Bakin Nikon F, wato wurin da ake ɗaura lensi a jikin kyamara, tun 1959 yake, don haka tsofaffin lensi da yawa za su shiga, amma shiga daban, aiki daban. A Canon kuma EF, wanda ya fito a 1987, yana hawa manya da ƙananan kyamarorin nan masu madubi, EF-S kuwa ƙanana kaɗai.

Yanzu ba na fita sai da kyamara, batir cike, da tocila. Na cire murfin gaba da na baya, na haska ta wannan gefe na leƙa ta wancan. Ƙura 'yar kaɗan ba ta dame ni ba, wane lensi ne zai yi hunturu ɗaya a Kano bai sha ƙura ba? Ba ta ma fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin. Laima ke kawo ta, shi ya sa nake ƙara sa ido kan kayan da suka daɗe a Legas. In ta jima tana cin rufin gilashi, ko an wanke tabon yana nan. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Daga nan sai ka juya zoben saiti a hankali, ka ji ko yana tafiya sumul ko yana gurza kamar da yashi a ciki. Duba bakin gaba, lotsewa a wurin alama ce ta ya taɓa faɗuwa. Ka ɗauki hoton wata takarda mai rubutu a f/1.8, ka sake a f/8, ka zuƙo a allo ka duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, gilashin ciki ya goce, ajiye masa kayansa.

Ciniki kuwa, duk aibin da ka gano ka faɗe shi kafin ka taya. Ka nemi ya rubuta maka lambar jikin lensin a rasit, da yarjejeniyar kwana biyu ko uku na gwaji. Wanda ya ce ka turo kuɗi tukuna ya aiko maka a mota, ni ba na yi da shi.

Da ka kawo gida, samo roba mai murfi ka zuba 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye shi a ciki, musamman da damina.